Mai Alli Ya Yi Gyaran Murya

Zuwa ga Kakata, Saratu ta Bomo,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangiji, tare da begen kina hutawa lafiya a wurin da kika riga mu zuwa. Mu ma nan muna lafiya. Mutanen Bomo suna gaishe ki, na Muchia ma haka. Bayan gaisuwa, ni ne Bulus, jikanki, wanda kike kira angonki, kike kuma gaya wa duk baƙon da ya shigo gida cewa kin yi asarar aure tunda ko ƙwai ban iya soyawa ba.

Na san ba kya son doguwar magana sai in ke ce mai yin ta. Yau dai sai ki yi haƙuri, don labari na kawo miki, kuma tun makon jiya kaina bai daina girma a kansa ba. Akwai mutanen da za su karanta wasiƙar nan tare da ke, waɗanda ba su san ki ba. In kin ji ina bayanin abin da kin fi ni sani, saboda su nake yi.

Mun yi fim a kanki, Kaka, fim ɗin barkwanci. Ƙanwata Rifkatu ce ta fito a matsayinki, ni kuma na tace shi a ɗan shagon nan namu na saman bene a unguwar PZ, nan Zariya. Kuma Baba ya kalla. Ki gyara zama, wannan na ƙarshen shi ne labarin.

Kin tuna ranar da na zo na gaya miki na samu gurbi a jami'a a Samaru, zan karanci wasan kwaikwayo? Kina tsintar wake a faifai, ko ɗago kai ba ki yi ba. Kika ce, “Wato har makaranta ake zuwa a koyo dariya? Da ka zauna nan na koya maka kyauta, ka riƙa ɗebo mini ruwa.”

To, na je, kuma an koya mana. Malaminmu ya ce masana sun daɗe suna gardama a kan dalilin da ke sa ɗan Adam dariya, har yau ba su daidaita ba. Wasunsu sun ce asalin dariya jin fifiko ne. Ka ga wani ya faɗi, kai kana tsaye, sai wani daɗi ya taso maka a ciki. Ban musa ba, don na sha gani a PZ da damina. Mutum ya ci ado da farar shadda, ya zo tsallake kwata, santsi ya kwashe shi, ’yan acaba su bushe da dariya kafin wani ya tuna ya ce masa sannu. Rabin finafinan barkwancin da ake kawo mini in tace a kan wannan suka dogara: a samu baƙauye, ko mai ƙiba, ko mai in’ina, a tura shi gaba, jama’a su ji sun fi shi. Yana sa dariya, ba ƙarya. Ni ma na tace irinsu da yawa, ban taɓa jin komai ba, tunda babu nawa a ciki.

Ranar jana’izarki mun yi miki abin da jikoki ke yi wa tsohuwar da ta cika kwanakinta. Ana cikin koke-koke Rifkatu ta sulale ta shiga ɗakinki. Ta ɗaura zanen nan naki mai ruwan ƙasa da kike zuwa gona da shi, ta kafa ɗaurin ɗankwali a karkace yadda kike yi, ta ɗauki sandarki ta gora. Sai ga ta ta fito tsakar gida tana ɗingishi, tana korar kaji, tana harare-harare. Ta tsaya a kan tukwanen da mata suka ɗora, ta leƙa ɗaya, ta riƙe haɓa da muryarki sak: “Wa ya ce a dafa mini shinkafa haka da yawa? Mutuwa na yi, ba hauka ba.”

Kaka, da kin ga matan nan. Waɗanda idonsu ya kumbura da kuka su ne suka koma riƙe ciki. Fasto ma sai da ya ɓoye fuskarsa a hankici. A wurin na tuna wani ra’ayin da aka koya mana, na masu cewa dariya hanyar sauke nauyi ce, abin da ya cunkushe a ƙirji ya rasa ta inda zai fita sai ya fita ta nan. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki, amma a tsakar gidanki na fara ganinsa da idona.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Baba yana zaune a ƙarƙashin rumfa cikin dattawa, ya ɗaure fuska tamau. Bai hana ba, tunda hakkin jikoki ne kuma ya san haka. Bayan an tashi daga makoki Mama ta ja ni gefe ta gaya mini abin da ya ce mata: “Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce Iya ta iya ban dariya. Ni ban taɓa haɗuwa da wannan matar ba.”

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ya faɗa. Baba ɗan farinki ne, kuma kin riƙe kunyar ɗan fari yadda aka koya miki, babu sassauci. Ba ki taɓa kiran sunansa ba. A bakinki shi ne Mai Alli, saboda aikin koyarwa da ya yi har ya yi ritaya. Muna tsakar gida kina kashe mu da dariya, da zarar kin ji ƙarar babur ɗinsa a bakin layi sai ki gyara ɗankwali, ki tsuke baki, ki juya gefe. Ya durƙusa ya gaishe ki, ki amsa a taƙaice kina kallon kaji. Ya tambayi ƙafarki, ki ce da sauƙi. Ya ajiye abin da ya kawo, ya ɗan zauna, ya tashi. Iyakar Iyar da ya sani ke nan tun yana yaro har ya yi furfura.

Wani ya ɗauki wasan Rifkatu a waya ranar jana’izar, abin ya yi ta yawo, ana tambayar wace yarinya ce wannan. Kin san ta daɗe tana son fitowa a fim, Baba kuma koyarwa yake so ta yi. Muka haɗa baki ni da ita muka same shi a Muchia, muka durƙusa muka faɗi abin da ke ranmu. Da muka gama sai ya ce, “Uwata ba abin wasan kasuwa ba ce. Ku yi, amma ni zan fara gani, kuma a cikin mutanen da ba su san ta ba. In na ji an yi mata dariyar raini ko sau ɗaya, fim ya mutu a nan. Ke kuma ki mayar da zanen ɗaki, ki manta da wannan sana’ar.” Rifkatu ta ce ta yarda, tun kafin in taka mata ƙafa.

A gidanki muka ɗauka, da damina. Ɗaliban da kika bari suna haya a ɗakunan baya suka taya mu riƙe fitila da jan waya. Kajinki sun fi kowa iya aiki, ba a taɓa cewa su maimaita ba. Muka kwashe duk abin da ya sa mutane dariya a jana’iza muka zuba: ɗingishin, korar kajin, ihun da kike yi in kina waya. A wajen tacewa na saka ƙarar nan ta wasa da ake sakawa a finafinan barkwanci, duk takun da ƙafar hagu ta yi sai a ji ƙwiit. Haka kowa yake yi, ni ma hannuna ya saba.

Kafin mu kai wa Baba, muka ce bari mu gwada a ɓoye. Muka ari wani ɗakin taro a Samaru da rana, muka tara ɗalibai. Ni ina da wata al’ada in ana gwajin fim. Ba na kallon allo, na riga na gan shi har ya ishe ni. Kujera nake ɗauka in juya wa allo baya in fuskanci mutane.

Sun yi dariya, Kaka, har da buga benci. Amma tun kafin Rifkatu ta buɗe baki suka fara. Fitowarta kawai, da zanen da sandar da ƙafar, ya ishe su. Suna dariyar suna kallon juna ta gefen ido. Wani dogo ya tashi tsakanin kujeru yana gwada tafiyar, wani daga baya ya ce, “Kai, wannan ai orijinal ’yar ƙauye ce.” Abokin da ya ara mana kyamara yana ta dukan kafaɗata wai mun ci kasuwa. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙafar da kika karya garin faɗowa daga kan rumbu, kina ɗebo dawar da za a sayar a kai Baba makaranta, ita ake wa ƙwiit, kuma da hannuna na saka. Da Baba yana ɗakin nan, da ko rabi ba a kai ba ya tashi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, zanen ɗaya ne, tafiyar ɗaya ce, mai yin ma ɗaya ce. A Bomo dariyar ta yi daɗi har mutane suna sa mana albarka, a Samaru kuma ta zama zagi. Na gane irin dariyar da na ji, har sunanta na sani a littafi, amma ban san maganinta ba.

A motar dawowa Sabon Gari Rifkatu ta rungume jakar da zanenki yake ciki. Sai da muka wuce Kwangila ta juyo ta ce, “Yaya, rabin wasan muka nuna. A Bomo kowa yana da ramuwarta a kunnensa, shi ya sa ba mu buƙaci faɗa ba. Waɗannan ba su taɓa jin ta rama ba.”

Ki ji fa jikarki. Kuskuren da muka yi, sai wanda ya tashi a cikin wasan jika da kaka zai yi shi. Mun saba da ke har mun manta cewa wasan nan mutum biyu ke yin sa. Ranar jana’iza ba kya nan balle ki ba da amsa, amma duk wanda ke tsakar gidan ya taɓa shan amsarki, yana jin ta a kansa yana dariya. Baƙo kuwa tsohuwa mai ɗingishi kawai yake gani, wadda ake tsokana ba ta cewa komai. Kuma ke, tunda muke da ke, ba ki taɓa barin wani ya tafi da maganar ƙarshe ba.

Muka koma Bomo. Muka yi ta kiran ’yan’uwa a waya, kowa ya ba mu tasa da ya sha a hannunki, wasu har yanzu da sauran haushi. Na ba da tawa. Kin tuna da na ce miki ki daina ihu a waya, ba sai kin ɗaga murya ake jin ki ba? Kika kalle ni sama da ƙasa kika ce, “Na sani. Maƙwabta nake so su ji jikana na Sabon Gari ya kira ni.”

Rifkatu ta kawo ta tafiyar. Tana ƙarama ta bi bayanki tana gwada ɗingishinki, ba ta san kin gan ta ba. Kika tsaya, kika juyo a hankali. “Ba ki iya ba. Ta hagu ce, kuma da yanga ake yi. Ni sai da na faɗo daga rumbu na samu tafiyar nan, ke kina so ki samu a banza.”

Sai ta ɗalibin nan mai haya da ya zo yana yi miki ƙorafin ruwa, ya ga ba ki damu ba ya juye zuwa Turanci don ya ba ki tsoro. Kika saurare shi har ya gama, kina gyaɗa kai da tausayi. Sannan kika dafa hannunsa kika ce, “Sannu ɗana, Allah ya sawwaƙe. Tun yaushe abin yake taso maka?” Shi da kansa ya ba mu labarin, yanzu yana aiki a Abuja, ya ce har yau in ya ji kansa yana zuba Turanci da yawa sai ya tuna ki.

Wannan shi ne abin da wasu masanan suka fi riƙewa, kuma ni ma a nan na fi karkata. Sun ce muna dariya ne idan aka ja hankalinmu ta hanya ɗaya, sai aka sauke mu a inda ba mu zata ba. Mai kallo ya ga tsohuwa tana ihu a waya, ya riga ya yanke cewa ba ta san waya ba, har ya fara jin ya fi ta. Sai ta buɗe baki, ya tarar tun ɗazu ta riga shi isa. Dariyar da za ta fito masa a lokacin, kansa yake yi wa, kuma da ya yi ta ya koma ɓangarenki.

Muka sake ɗauka da amsoshinki a ciki, na koma shago na cire ƙwiit ɗin nan gaba ɗaya. Na bar ƙarar sandar kawai a kan ƙasa. Na kuma tuna yadda kike yin ɗan shiru kafin ki saki magana, ki tsotsi haƙori, ki bar mutum ya ɗauka ya ci nasara. A da ina yanke irin wannan shirun don kada fim ya yi sanyi. Wannan karon na bar shi yadda Rifkatu ta yi shi, na kuma ƙara fili bayan kowace amsa don dariyar mutane kada ta haɗiye magana ta gaba.

Saura abu ɗaya, kuma a kansa muka yi faɗa da Rifkatu har Mama ta shiga tsakani, ba tare da mun gaya mata a kan me ba.

Kin san abin da nake nufi. Abin da kike yi da zarar ƙarar babur ɗin Baba ta ɓace a bakin layi. Ki leƙa zaure ki tabbatar ya tafi, ki dawo ki miƙa wa ɗayanmu sandar. Ki kafe babur ɗin da babu shi, ki duba taya, ki sake dubawa. Ki cire tabarau ɗin da babu shi, ki goge da gefen riga, ki ɗaga shi sama ki duba, ki mayar. Ki kalli agogo. Ki haɗa hannu a baya, ki yi gyaran murya, ki ce, “To, to, to.” Mu kuwa muna birgima a tabarma. In mun lafa sai ki zauna, ki kalli ƙofar da ya fita, ki ce, “Tun yana goye a bayana haka yake. Sai ya yi gyaran murya kafin ya yi kuka.”

Ba wanda ya taɓa gaya masa. Sirrinmu ne da ke, kuma ko Mama ba ta sani ba.

Rifkatu ta sa an ɗauki wannan fitowar. Ki duba wahalar abin: ita tana yin ki, ke kina yin Baba, kuma dole a ga ku duka biyu a jiki ɗaya. Ta yi shi, har mai riƙe kyamara ya kasa riƙe dariya. Ni na ce a cire. Dattijon ikilisiya ne, tsohon hedimasta, a gaban mutanensa za a nuna, ga kuma sharaɗin da ya gindaya. Ita kuwa ta kafe. Na kawo mata wani ra’ayin masana, masu cewa abin dariya shi ne a taka abin da bai kamata a taka ba, amma kowa ya tabbata babu cuta a ciki. Na ce jika ya tsokani kaka babu cuta, al’ada ta ba shi dama. Amma ’ya ta gwada ubanta a bainar jama’a, wa ya ba ta? Ta ce, “Ba ni zan gwada shi ba, uwarsa ce. Ya ce bai taɓa haɗuwa da ita ba. In mun cire wannan, har yanzu bai haɗu da ita ba.” Sana’arta ce ke cikin haɗari, ba tawa ba, saboda haka na bar shi, amma kwanakin da suka biyo baya abinci bai yi mini daɗi ba.

Asabar ɗin da ta wuce aka nuna, bayan azahar, a ɗakin taron majami’armu ta Muchia. Aka toshe tagogi da barguna. Baba ya ce baƙi yake so, ya kuwa samu: ’yan ikilisiya waɗanda ba su taɓa taka Bomo ba, matan kasuwar Sabon Gari da rabinsu da buroka, Turancin nan na kasuwa, suke magana, maƙwabtanmu Musulmi na layi. Rifkatu har ɗaliban nan na Samaru ta gayyato, da dogon da ya gwada tafiyarki, don ta ce ba ta son cin nasara a ɓoye. Baba ya zauna a bencin gaba tsakanin dattawa. Na ɗauki kujerata na juya wa allo baya.

Na ji ƙarar sandar, na san kin fito. Babu wanda ya yi dariya. Kin ratsa tsakar gida da ɗingishinki, ɗakin ya yi tsit, mutane suna jira su ga abin da za ki yi. Ban taɓa jin daɗin shiru irin na wannan lokacin ba. Sai yarinyar da ta fito a matsayin Rifkatu tana ƙarama ta bi bayanki tana gwada ki, kika juyo, kika tsotsi haƙori, kika ba ta amsarta. A nan ɗakin ya fashe, bayan kin yi magana. Wata mai sayar da atamfa ta dinga dukan cinyar maƙwabciyarta tana faɗa da buroka cewa wannan mama ba ta yarda a ci ta. Da aka zo kan mai Turanci, dogon nan na Samaru ya zame ƙasa a kan benci ya rufe fuska, abokansa suna nuna shi. Ba wanda ya kalli wani ta gefen ido, duk gaba suka miƙo wuya.

Baba bai yi dariya ba, amma bai tashi ba. Yana kallo da baki a ɗan buɗe.

Sai aka ji ƙarar babur a fim. Wanda ya fito a matsayin ɗanki ya shigo ya durƙusa, kika tsuke baki kika juya gefe. Na ga Baba ya gyaɗa kai a hankali, wannan matar ya san ta. Ɗan ya fita. Kika leƙa zaure, kika dawo, kika miƙa sandar, kika kafe babur, kika cire tabarau.

Mutanen Muchia sun san hedimastansu. Tun a goge tabarau suka gane, kuma babu wanda ya isa ya yi dariya. Na ga dattawa sun cije leɓe suna kallon rufi. Mama ta dafe ƙirji. Rifkatu tana tsaye a bakin ƙofa, ta damƙe labule. Kika haɗa hannu a baya kika ce, “To, to, to,” cikin ɗakin da ko tari ba a yi.

Sai na ga kafaɗar Baba ta fara rawa. Kin san yadda taki dariyar take, kafaɗa ke farawa kafin sauti ya iso? Ashe ya gāje ta, mu ne ba mu taɓa gani ba. Da sautin ya fito, sai dattijon da ke kusa da shi ya saki tasa, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Filin da na bari bai isa ba. Allah ya taimake ni suka lafa daidai lokacin da kika zauna kika kalli ƙofa, kowa ya ji maganar goyon da gyaran muryar. Aka sake dariya, amma a hankali wannan karon. Baba bai shiga ta biyun ba.

Da fim ya ƙare aka yaye barguna, haske ya shigo. Kowa ya zuba masa ido, don an san shi zai yanke hukunci. Ya miƙe. Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya ɗaga ya duba, ya mayar. Ya haɗa hannu a baya. Ya yi gyaran murya.

Babu wanda ya yi dariya, Kaka. Duk ɗakin sun ji abin da kika faɗa, sun san abin da ke tafe.

Ya yi kukan da bai yi ba ranar jana’izarki, a tsaye, a gaban ɗalibansa na da. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, aka ƙyale shi. Da ya samu magana, abin da ya fara cewa shi ne, “Ashe tana kallona.” Ya juya ya nemi Rifkatu, ta zo ta durƙusa. Ya dafa kanta ya ce, “A sake shi kasuwa. Kada a cire komai. Zanen kuma ki riƙe, naki ne.”

Tun ranar nake tunanin wannan kalmar tasa. Duk shekarun da yake durƙusawa a gabanki kina kallon kaji, ya ɗauka kajin kike kallo. Ba a iya gwada mutum haka, har yadda yake ɗaga tabarau, sai an daɗe ana kallonsa da ƙauna. Mu mun san wannan tun muna yara, ba mu dai taɓa tunanin shi bai sani ba.

In ɗalibi ya hau bene ya tambaye ni yau me ya sa fim ɗin barkwanci ke sa mutane dariya, zan faɗa masa duk abin da masana suka ce, don kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma na gan su duka a fim ɗaya. Amma zan ƙara masa da cewa ya juya wa allo baya ya saurara, ya ji ko kafin mutum ya yi magana ake dariya ko bayan ya yi.

Ina alfahari da Rifkatu, ba kaɗan ba. Ta sa sana’arta a gaba ta ce a yanka ko a bari, kuma ba ta janye ba ko da ni yayanta na tsorata. Ina alfahari da Baba, da ya iya yi wa kansa dariya a gaban jama’a. Ina alfahari da aikina ma, ba zan ɓoye ba, shirun nan da na bari ya zauna daidai. Fiye da duka ina alfahari da cewa ni jikanki ne. Matan kasuwa da ba su taɓa ganinki ba yanzu suna tsayar da Rifkatu a hanya suna ce mata Kaka.

Jiya Baba ya zo shago, karo na farko tun da na buɗe shi. Ya hau benen nan da guiwarsa mai ciwo, ya zauna a kujerar baƙi, ya ce in sake saka masa wurin babur. Da ya ƙare ya ce in mayar. Daga nan ya tambaye ni ko akwai sauran abin da kike faɗa a kansa wanda ba mu saka ba. Na ce akwai da yawa. Ya ce ranar Lahadi bayan sujada mu zo gida ni da Rifkatu, mu taho da sandar.

Ki yafe mana tona miki asiri. Na san da kina nan da kin juya gefe kin ce ba ki san zancen ba.

Ubangiji ya ba ki hutawa ta har abada, ya sāka miki da alheri saboda dariyar da kika ciyar da mu da ita tare da tuwo. Ya warkar miki da ƙafar hagu, ko da yake na san za ki ce a bar miki tafiyarki tunda da wahala kika same ta. Ya ƙara wa ɗanki kwana da lafiya, ya ji sauran labarin uwarsa. Ya albarkaci hanyar Rifkatu, ya tsare bakinta daga dariyar raini. Ya kuma haɗa mu da ke a ranarsa, inda babu sauran kunyar ɗan fari, ki kira Mai Alli da sunansa ya amsa. Amin.

Naki har kullum,
angonki da har yanzu bai iya suyar ƙwai ba,
Bulus
Sabon Gari, Zariya